Dalar Kaka: Farashi, Daraja da Haƙƙin Wanda Bai Sani Ba

A ƙasar Adar, daga Garhanga zuwa Keita, Buza da Madawa, ba a rasa gidan da aka ajiye tsohuwar dalar azurfa a ƙasan adaka, ko aka rataya ta a wuyan amarya. Ko goro ba a saye da ita a kasuwa, amma ranar rabon gado sai an yi shawara a kanta, kuma shekarar da rumbu ya ƙare da wuri ita ake fara tunawa. Wannan ya sa ya kamata a tambaya: me ke ba tsohon kuɗin ƙarfe daraja bayan ya daina ci a kasuwa? Kuma idan mai saye ya san darajar, mai sayarwa bai sani ba, mene ne haƙƙin ɗaya a kan ɗaya?

Tarihin kuɗi a ƙasar Hausa ya amsa wani sashe na tambayar. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, shi kuwa wuri daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, don haka nisa da wahalar ɗauka suka tsare masa daraja. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa guda. Da fataken Turai suka shiga jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ya zama kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye wani kaso mai yawa na abin da aka ɗauka. Wurin bai canza kama ba, yawansa ne ya kashe shi.

Ita dalar azurfa daga Ostiriya ta fito, tana ɗauke da hoton sarauniya Mariya Tereza wadda ta rasu a 1780. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin 100 na jikinta azurfa ce. Saboda nauyinta da tsarkinta ba sa canzawa, fatake suka amince da ita daga Habasha da ƙasar Larabawa har zuwa Agadas da Kano, maƙeran farfaru kuma suka riƙa narka ta suna ƙera zobba, mundaye da kayan wuya. Sunanta ya fi ta daɗewa a kasuwa: har yau a Nijar sefa biyar ake kira dala.

Masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi a duniya suna da nasu ma'auni. Suna duba ƙarancin abin, wato nawa aka buga kuma nawa suka rage. Suna duba lafiyar jikinsa, ko rubutu da hoto sun goge. Suna duba ƙarfen da aka yi shi da shi, da tarihin hannuwan da ya bi, da yawan masu nemansa. A 1933 Amurka ta buga zinariya mai dalar Amurka 20 har guda 445,500, amma gwamnati ta hana fitar da su, aka narke kusan duka. Guda ɗaya da ta taɓa shiga hannun Sarki Faruk na Masar, wadda ita kaɗai doka ta yarda wani ya mallaka, an sayar da ita dalar Amurka miliyan 7.59 a 2002, aka sake sayar da ita miliyan 18.9 a 2021. Zinaren da ke jikinta bai wuce giram 30 da kaɗan ba. Abin da aka saya shi ne ƙaranci da labari.

Idan aka ɗora dalar kaka a wannan ma'auni, sakamakon ba zai yi wa magada daɗi ba. Shekarar 1780 da ke jikinta ba ta nuna tsufanta, domin tun bayan rasuwar sarauniyar ake ta buga ta da wannan shekara, a Biyana, da Roma, Paris, Landan da Bombai, har adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Mafi yawansu farashinsu bai yi nisa da na azurfar da ke jikinsu ba. Hudar da aka yi mata don rataya, da gogar da aka yi mata da toka don ta yi ƙyalli, duk rage mata kuɗi suke yi a idon mai tarawa. A idon iyali kuwa hudar nan ita ce shaidar cewa wata ta sa ta ranar aurenta, ta bar wa ƴarta. Saboda haka ma'auni biyu ne a kan abu guda, kuma kowanne yana da gaskiyarsa, muddin ba a tilasta wa ɗaya ya biya da na ɗayan ba.

Matsalar ɗabi'a tana tasowa ne a ranar sayarwa. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005 wanda ya taɓa jihar Tawa ƙwarai, iyalai da yawa sun rabu da dabbobi da kayan ado don sayen hatsi. Mai saye a irin wannan lokaci yana da hujjar da ba za a raina ba. Zai ce ciniki yarda ne, bai ƙwace ba, bai tilasta ba. Zai ce saninsa jarinsa ne, ya sha tafiya, ya sha asara kafin ya iya bambance azurfa da dalma, kuma ba a tilasta wa ɗan kasuwa ya raba jarinsa kyauta. Da ba ya cin riba ma, da babu wanda zai zo ƙauye ya saya.

Wannan hujja ta halatta riba, amma ba ta halatta kowace irin riba ba. Shari'a ta hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su isa kasuwa su ji farashi, dalilin hanin kuwa shi ne kada a ci rashin saninsu. Malaman mazhabar Malikiyya sun ce wanda ya miƙa amana, ya ce a saya masa yadda ake saye a wurin mutane, idan aka yi masa ƙarya yana da damar warware cinikin. Tsohuwar da ta kwance bakin zane ta tambayi dillali nawa abin ya kai, amana ta miƙa masa. Idan ya faɗi gaskiya, ya cire ladan tafiyarsa da kasadarsa, ribarsa halaliya ce. Idan ya ce mata ƙarfen banza ne alhali ya san azurfa ce, yardar da ya samu ba ta tabbata ba, domin ba a kan abin da ke hannunta ta yarda ba. Hukunci ɗaya ne ya hau kansa idan ya isa birni ya rantse wa baƙo cewa a 1780 aka buga ta.

Su ma magada akwai nasu nauyi. Ƙaunar da suke yi wa kakarsu ba bashi ba ne a kan mai saye, kuma jita-jitar cewa kowane tsohon kuɗi dukiya ce takan jawo zargi tsakanin ƴan'uwa a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, kuma a nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da abin yi. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa a koya wa ɗalibi cewa kafin a sayar a auna nauyi, a tambayi farashin azurfa a wurin maƙera biyu ko uku, kada a goge, kada a ƙara huda. Haka kuma ƙungiya tana iya bin gidaje da littafi, ta rubuta wa ya kawo dalar, daga wace kasuwa, a auren wa aka fara sa ta, tun tsofaffin da suka sani suna raye. Idan wata rana dole ta sa aka sayar, iyali sun karɓi farashin da suka sani, labarin kuma ya zauna a Garhanga.