Harsashin da ba a gani

Ƴan uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce na kwashe sati uku ina rubuta faɗan dodon ƙarshen mataki, a irin wasan kwamfutar da Japanawa ke kira danmaku, wato labulen harsasai. Kana tuƙa ɗan hoto ƙarami, dodo na watso maka ɗaruruwan harsasai, kai kuma kana ratsawa ta tsakaninsu. Na yi aikin da Danmakufu, manhajar da masoyan wasan Touhou ke rubuta nasu faɗan da ita. Na zuba ado iyakar iyawata: furanni masu juyawa, farar walƙiya duk sa'ad da dodo ya sake salo, bango ja, harsasan ma ja.

Na ba abokina da muke ɗaki ɗaya ya gwada. Cikin minti biyu ya mutu sau shida. Ya ture kwamfutar ya ce: "Aboki, ba wuyar ce ta dame ni ba. Wallahi ban ga abin da ya kashe ni ba." Na ce masa hannunsa ne bai faɗa ba. Amma maganar ta hana ni barci, don ta bar mini tambaya: shin mai ƙirƙira na da haƙƙin fifita kyan aikinsa bisa wanda ya yi aikin dominsa?

Wani zai ce, to ai kyau shi ne ran wannan wasa. Gaskiya ne. ZUN, mutumin da ke yin Touhou, tun wasansa na 2002 yake ba manyan hare-haren dodanni suna, kamar yadda ake yi wa waƙa. Sai dai kyan nasa cikin tsarin harsasan yake, kuma tsarin ne ke nuna maka hanya. Wurin da ake iya harbinka ɗan ɗigo ne a tsakiyar hotonka, daga 2003 ma in ka rage gudu sai ɗigon ya bayyana. Kamfanin Cave, masu DoDonPachi na 1997, an san su da harsasai ruwan hoda da shuɗi, waɗanda ido ke rabewa da bango. Ko da ZUN ya yi hare-haren da aka ce ba su kaucuwa, a Impossible Spell Card na 2014, ya faɗa tun a sunan wasan, ya kuma ba mai wasa kayan dabara.

Karatunmu na ilimin harshe ne ya buɗe mini ido. Mi ya raba kafa da ƙafa? Ɗan ƙugiya kawai. In fotokofi ta cinye shi a wannan takarda, ko da wane irin kyan rubutu, ma'ana ta tafi. Harsashi ma magana ce tsakanina da mai wasa: "Matsa hagu, dakata, yanzu wuce." Ni kuwa na yi ta ihu bisa maganata, sannan na hukunta shi don bai ji ba. Ya ba ni lokacinsa bisa amanar cewa in ya faɗi, kuskurensa ne, kuma zai koya. Na ci wannan amana don a ce na iya. Wasa ne, e, amma halin ɗaya ne da na mai jawabin da ke jibga manyan kalmomi don a yaba masa, jama'a su watse ba su fahimci komi ba.

Na cire walƙiyar da na yi kwana huɗu a kanta, kuma ta yi mini zafi. Na dushe bangon, na sa wa harsasai farin ciki da baki mai launi, na sa layin gargaɗi kafin kowane hari mai sauri. Adadin harsasan ban rage ko ɗaya ba.

Abokina ya sake gwadawa. Ya mutu sau tara. Ya yi tsaki ya ce: "Kai, wannan laifina ne. Maido shi daga farko."