Tatsuniya da Tarbiyyar Tausayi

Tambayar da muke son dubawa a wannan ɗan rubutu ita ce: shin ana koya wa yaro tausayi, ko kuwa da shi ake haifarsa? A ganinmu, irin tausayi yana cikin kowace zuciya, amma sai an yi masa ban ruwa. Wurin ban ruwan na farko a ƙasar Hausa shi ne tabarmar kaka da dare, inda ake cewa "ga ta nan, ga ta nanku."

Masanin falsafa Adam Smith, a littafinsa na 1759 kan ɗabi'un ɗan Adam, ya nuna cewa ba mu da hanyar jin abin da wani yake ji kai tsaye, sai dai mu ɗauki kanmu a zuci mu ajiye a matsayinsa. Wannan shi ne aikin da tatsuniya take sa yaro ya yi. Nasiha takan ce masa ya ji ƙan wanda aka ware, tatsuniya kuwa takan mayar da shi wanda aka ware ɗin, har zuwa "ƙurunƙus."

Mu ɗauki tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. An tura 'yar bora wanki ruwan Bagaja, ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya, ta yi ladabi da haƙuri, ta komo gida da dukiya. Yaron da ke sauraro yakan bi ta sawu da ƙafa, ya ji zafin wariyar da ake nuna mata. Ko da ɗan mowa ne shi a gidansu, a daren nan ya ɗanɗana zaman ɗakin bora. Babu wata hanya da za ta kai ɗan shekara biyar wannan ɗaki in ban da labari.

Sai dai akwai abin lura. Da 'yar mowa ta bi hanyar ta yi rashin kunya, me ta samu? A yadda aka fi ba da labarin, kutare da makafi ne suka rako ta gida, yara kuma su fashe da dariya. A nan tatsuniyar da ta buɗe ƙofar tausayi ta rufe wasu biyu. Ta hana yaro tambayar wanda ya sangarta 'yar mowa tun farko, ta kuma nuna masa cewa kuturu da makaho horo ne da ake yi wa mai laifi. Gobe idan makaho ya tsaya bara a ƙofar gida, da wane ido yaron zai dube shi?

Ba mu ce a tace tatsuniyoyinmu ba. Abin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, da wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, gado ne da ya kamata a bar shi yadda yake. Amma takarda ba ta tsayawa ta dubi fuskar yaro. Mai ba da labari ne ke iya wannan. Shi ya kamata, bayan dariya ta lafa, ya tambaya: "To, su makafin nan da aka yi wa dariya, laifin me suka yi? 'Yar mowa fa, yaya ta kwana?" Kada ya ba da amsa, ya bar yaron ya kwana da tambayar.

Tausaya wa wanda labari ya fifita abu ne mai sauƙi, domin mai labarin ya riga ya share hanya. Inda ake gane tarbiyya shi ne tausaya wa wanda labarin ya yar. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancinmu a wannan sashe za mu zama iyaye ko malamai, saboda haka tanƙwarar tana hannunmu.