Tsawon Waya Daban, Zurfin Ruwa Daban

Duk wanda ya taso yana jan ruwa a rijiya yana da wani lissafi da ba a aji ya koya ba: idan igiya gaba takwas ta shige kafin guga ya taɓa ruwa, to ruwan yana gaba takwas. Babu gardama. Rijiya a tsaye take, guga kuma ba shi da wurin zuwa sai ƙasa. Da wannan lissafi a kaina na shiga jirgin su a Tafkin Mishigan wata asubar Agusta, kafin hantsi kuwa wani dattijo ya rushe mini shi.

Ƙanena ne ya kai ni. A Milwoki yake aiki, a jihar Wiskonsin ta Amurka, ya kuma daɗe yana cika mini kunne da labarin wannan kamun kifi. "Yaya, ba ya faɗuwa a waya, sai ka gani." Muka yi sallah a gurguje muka nufi bakin ruwa. Sunansa dai tafki, amma ko ka ƙure ido ba ka hango ɗaya gaɓar, kuma inda ya fi zurfi ya kai mita 281. Ruwan daɗi ne, babu gishiri, ga can ƙasansa da sanyin da ke ratsa ƙashi ko a tsakiyar lokacin zafinsu.

Kifin da muka fito nema shi ne tirawut na tafki, mai launin toka da ɗige-ɗige farare, wutsiyarsa a tsage. Ba ya shiri da ɗumi ko kaɗan, ruwan da ya fi so bai wuce digiri 10 ba. Idan ƙanƙara ta narke a farkon shekara, ruwan duk sanyinsa ɗaya, sai ka sami kifin kusa da sama. Da zafi ya kankama sai tafkin ya rabu hawa-hawa: na sama ya ɗumama, na ƙasa ya zauna sanyi ƙalau, a tsakani kuma akwai wani siririn hawa inda ɗumin ke yankewa farat ɗaya. Ƙarƙashin wannan hawan kifin ke komawa, sau da yawa dab da ƙasa. Ba shi da garaje a rayuwa. Yakan yi shekara 6 ko 7 kafin ya fara ƙwai, a tafkunan arewacin Kanada kuma yakan haura shekara 40. A 1961 taru ya kamo wani mai kilo 46 a Tafkin Atabaska.

To, ta yaya za ka kai ƙugiya ƙafa 100 ƙarƙashin ruwa alhali jirgi na tafiya? Nan ne na'urar da suke kira daunriga ta shigo, wadda kunnena ya dinga ji kamar "ɗan riga" har muka dawo. Ba wani abin mamaki ba ce a ido. Hannu ne na ƙarfe da ya miƙa bayan jirgi, da 'yar kura a bakinsa irin ta rijiya, da kwarkwaro naɗe da siririyar wayar ƙarfe. A bakin wayar an rataye dunƙulen dalma kamar babban lemo, mai kilo huɗu da rabi, wanda masuntan ke ce wa harsashin igwa. A jikin dunƙulen akwai 'yar matsi, kamar wadda ake maƙale wanki da ita a igiyar shanya. Sai ka saki zaren fatsarka can baya, da ɗan ƙarfe mai walƙiya da suke kira cokali a bakinsa, ka cusa zaren a bakin 'yar matsin, ka saukar da dalmar. Ita ke jan zaren zuwa ƙasa. Sannan ka ɗame sandar fatsar har ta lanƙwashe kamar baka. Idan kifi ya cafka, zaren ya fizge daga matsin, dalma ta zauna abinta, kai da kifi ku rage daga kai sai shi. A fatsar da muka sani lanƙwasar sanda ita ce albishir. A nan miƙewarta ake jira.

A gefen kwarkwaron akwai ɗan agogo mai ƙirga ƙafa nawa na waya suka fita. Shi ne ya ja mini.

Mai jirgin, dattijo ne mai ƙarancin magana da hular da rana ta cinye, ya nuna mana allon na'urar da ke hango ƙasan ruwa. Ƙasa tana ƙafa 105, ga kifaye nan kwance sama da ita kaɗan, kamar 'yan baka-baka a jikin allon. Ya ba ni daunriga ɗaya ya ce in ji da ita. Na ce a raina wannan ai ba ya buƙatar malami. Kifi na ƙafa 100, na saki waya har agogo ya nuna 100 cif, na ɗaure, na koma na zauna da kofin shayina. Jirgi na tafiya mil biyu a awa, bai kai saurin mai tafiya kasuwa ba. Wayar na wani siririn kuka a cikin ruwa kamar tsirkiyar gurmi.

Sandar ɓangaren dattijon ta miƙe, ƙanena ya ja kifi. Can ta sake miƙewa. Tawa tana nan a lanƙwashe kamar mai ruku'u. Na sake duba agogo: 100. Na fara zargin cokalina, na ce ko launinsa ne bai yi musu ba. Ƙanena na murmushi ƙasa-ƙasa, wanda da a gida ne da ya sha ranƙwashi. Sai da aka kusa awa guda dattijon ya taso. Bai kalli agogon ba ma. Wayar ya nuna mini da yatsa, daidai inda ta shiga ruwa. Ba a tsaye take ba. Ta karkata baya sosai, kamar igiyar akuyar da ke turjiya.

"Sake ta," in ji shi, "a hankali, sai na ce tsaya."

Na saki. 110. 115. 120. Na tabbata yanzu dalmar ta nutse cikin laka. A 126 sai bakin hannun ƙarfen ya yi wata 'yar rawa, wayar ta saki jiki na ƙiftawar ido ta sake ɗamewa. Yanzu ta taɓa ƙasa. Ƙasar da ke ƙafa 105 sai da ta ci waya ƙafa 126. Ashe duk zaman da na yi, cokalina yana yawo wajen ƙafa goma sha biyar sama da kan kifayen, a ruwan da babu kowa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirgi na gaba, ruwa na tura waya da dalma baya, duk abin da aka tura baya kuma yana rataye, to sai ya ɗaga sama. Ƙara gudu, ƙara ɗagawa. Wani abin kuma, ruwan ƙasa yana da tafiyarsa da ba ta bin ta sama, don haka gudun da jirgi ke nunawa ba lallai shi ne wanda dalmar ke ji ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sakin ƙarin waya ba ya biya yadda ake zato, domin kowace ƙafa da ka ƙara ita ma jiki ce da ruwa zai tura. Ana kaiwa inda za ka saki ƙafa goma ka samu nutson shida. Masu abin sukan rage gudu ko su sa dalma mai nauyi. Hatta allon nan da na ɗauka shi ne alƙali, idan ya nuna dalmar, nisanta daga jirgi yake aunawa, ba zurfinta ba. Akwai 'yar na'ura da ake rataye wa kusa da dalma ta riƙa aiko da zurfi da sanyi da gudu daga can ƙasan, amma dattijon nan ya fi yarda da tsohuwar hanya: ka taɓa ƙasa, ka ji da hannunka, sannan ka ɗaga ƙafa biyu ko uku.

Na so in ce agogon ya yi mini ƙarya, sai na ga ban yi masa adalci ba. An tambaye shi waya nawa ta fita, ya faɗa daidai. Ni ne na ɗora masa tambayar da ba tasa ba. Na kuma san abin da ya sa na ɗora: yana kusa da ni, a busasshen wuri, kuma abin da yake ƙirgawa ƙoƙarina ne. Wa ke ƙin ma'aunin da ke ƙirga ƙoƙarinsa?

Tun daga ranar nake ganin agogon nan a wurare da yawa. Na taɓa koyarwa, kuma na sha rufe littafi a ƙarshen zango ina cewa alhamdu lillahi, mun gama manhaja. Mun gama ɗin, ni da allo. Shafukan da na saki nake ƙirgawa, kuma duk lokacin da na ga zango na ƙurewa sai in ƙara gudu, ban san gudun ne ke ɗaga darasin sama da kan yaran ba. Haka uban da ke cewa "na faɗa masa ya fi sau goma", yana ƙara sakin waya a ruwan da ke tura ta baya. Haka ɗan'uwanmu da ke ƙasar waje, mai ajiye rasit na duk kuɗin da ya aika don gini, yana da lissafi tsaf har kwabo, bai taɓa cewa a ɗauko masa hoton katangar ba, wataƙila don yana tsoron abin da zai gani. Ban ce ƙirga abin da ka fitar laifi ba ne. Ba don agogon ba, ko da ka dace da zurfin da kifi yake, ba za ka iya komawa wurin ba. Amfaninsa yana farawa ne bayan ka taɓa ƙasa.

Tafkin da muke kai ma ya taɓa shiga irin wannan, a babban sikeli. Akwai wata halitta mai kama da maciji, bakinta kamar na matsattsaku cike da haƙora, ana ce mata lamfiri. Daga Tekun Atilantika take. Ta samu hanyar haurowa manyan tafkunan yankin ta mashigin Welan, wanda aka haƙa don jirage su kauce wa gangaren ruwan Nayagara, a 1936 kuma aka gan ta a Tafkin Mishigan. Takan manne a jikin kifi ta tsotse jininsa. Ga ta, ga tarun masunta da ba ya hutawa, zuwa tsakiyar shekarun 1950 tirawut ya ƙare a wannan tafki. Amurka da Kanada suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955, aka samo maganin da ke kashe 'ya'yan lamfiri a rafuka, a 1965 kuma aka fara zuba 'ya'yan tirawut da aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo. Miliyoyi ake zubawa, shekara bayan shekara. A takarda abin gwanin kyau. Kifayen ma suna girma, masunta na kamawa. Amma shekaru gommai suka shige ba sa barin baya. A cikin dalilan akwai zuba su da aka riƙa yi kusa da gaɓa, inda mota ke iya isa, nesa da duwatsun tsakiyar tafki inda kakanninsu ke ƙwai. Akwai kuma wani ƙaramin kifi baƙo, alwaif, da ya cika tafkin bayan manyan sun ƙare. Yana cin 'ya'yan tirawut, idan kuma uwar tirawut ta mai da shi abincinta, wani sinadari da ke jikinsa yana lalata mata bitamin B1, sai 'ya'yan su mutu jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Da alwaif ya ragu ƙwarai a Tafkin Huron wajen 2004, sai ga 'ya'yan tirawut haifaffun ruwa sun fara bayyana a can.

Abin da ya burge ni da ma'aikatan kiwon kifin nan shi ne sun tanadi hanyar taɓa ƙasa. Kifin gidan kiwo, kafin a sake shi, ana yanke masa wani ɗan fiffike na tsoka da ke gadon bayansa kusa da wutsiya. Don haka idan ka kama tirawut ka ga fiffiken nan babu, hukuma ce ta kawo shi. Idan yana nan, akwai kyakkyawan zaton a cikin tafkin aka haife shi. Sun yarda su sa wa aikinsu alamar da za ta iya tona musu asiri, kuma ta tona na tsawon shekaru.

Na ɗaga dalmata zuwa 123 kamar yadda dattijon ya ce. Ba a yi minti goma ba sandar ta yi tsalle ta miƙe. Na fizge ta daga mazauninta, na naɗe zaren da ya saki, sai na ji nauyi kamar na guga cike, mai girgiza kai. Tirawut ba ya tsalle-tsallen burga, ƙasa kawai yake ja. Da ya kusa sama sai kumfa ta riga shi fitowa, domin yana iya amayar da iskar cikinsa yayin da yake haurowa daga zurfi. Dattijon ya sa koma ya ɗauko shi, ya kwantar a kan katako. Ƙanena har ya fara lissafin attaruhu da albasa. Shi kuwa dattijon babban yatsansa ya bi da shi ta gadon bayan kifin har kusa da wutsiya, ya tsaya a kan ɗan fiffiken, ya ɗaga shi da farce don in gani.

"Wannan ba mota ce ta kawo shi ba," in ji shi.

Muka juya jirgi don mu sake bi ta kan wurin. Na maƙale zare, na kama sakin waya da ƙwarin gwiwa, ina nufin 123, lambar da yanzu nake ji kamar gadona ce. Dattijon ya dafa kwarkwaron. Mun juya, in ji shi, ɗazu muna bin ruwan ƙasa, yanzu muna saɓa masa. Ya ce in sake taɓa ƙasa.