Porto Riko: Tuta, Harshe da Ƙofar da Ba a Komowa

Sau bakwai ke nan, daga 1967 zuwa 2024, ana kiran mutanen tsibirin Porto Riko zuwa rumfar zaɓe domin su amsa tambaya guda, ko da yake kowane karo da irin rigar da ake sanya mata: shin tsibirinsu ya zama jiha ta 51 a tarayyar Amurka, ko ƙasa mai cin gashin kanta, ko kuwa wani abu a tsakani? Sau bakwai suna amsawa, sau bakwai majalisar dokokin Amurka, wadda ita kaɗai ke da wuƙa da nama a wannan batu, tana ji tana kau da kai.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san irin zaman da ake yi. Sifaniya ta riƙe tsibirin kimanin shekara 400, ta miƙa shi ga Amurka a 1898 bayan ta sha kashi a yaƙi. A 1901 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa irin wannan yanki mallakar Amurka ne, amma ba ɓangaren jikinta ba ne. A 1917 aka ba mutanensa takardar zama ƴan ƙasa. Ga yadda abin yake a aikace: ana iya ɗaukar saurayin San Huwan a kai shi fagen daga, kamar yadda aka yi a Koriya da Biyetnam, alhali ba shi da ƙuri'a wajen zaɓen shugaban da ya aika shi. Wakilin tsibirin a Washinton yana da baki, ba shi da ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Da bashi ya haura dala biliyan 70, sai aka ɗora wa tsibirin, a 2016, wani kwamitin sa ido kan kuɗi wanda babu ɗan tsibirin da ya zaɓe shi, kuma maganarsa tana sama da ta gwamna. Zaman jemage ke nan, ba a tsuntsaye ba, ba a dabbobi ba. A wannan gaɓa masu neman jiha da masu neman ƴanci bakinsu ɗaya ne, kuma gaskiya ce suke faɗi: mulkar mutum ba da yardarsa ba ƙasƙanci ne, ko da ana ciyar da shi.

Inda suka raba hanya shi ne maganar al'ada. Masu neman ƴanci suna cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni; al'ummar da ba ta kai mutum miliyan uku da rabi ba, idan ta shiga cikin mutum fiye da miliyan 330, narkewa za ta yi kamar gishiri a kogi. Suna da tabon da za su nuna. A 1948 an kafa dokar da ta mai da ɗaga tutar tsibirin laifi, ba a soke ta ba sai 1957, kuma jagoransu Pedro Albizu Campos ya kwashe shekaru masu yawa na rayuwarsa a kurkuku. Suna kuma nuna Hawai da yatsa, har mawaƙinsu Bad Bunny ya fitar da waƙa a 2025 yana gargaɗin kada abin da ya sami Hawai ya sami ƙasarsa. Masu neman jiha kuwa, tun zamanin gwamna Luis Ferré, suna cewa ana iya zama jiha ba tare da an sayar da harshe ba. Abin da suke nema daidaito ne, domin tsoho ko naƙasasshe a tsibirin ba ya samun irin tallafin da takwaransa ke samu a Florida.

To amma tarihi bai ba kowanensu cikakkiyar gaskiya ba. A dubi Hawai ɗin. An kifar da sarautarta a 1893, a 1896 aka kafa dokar da ta sa Ingilishi ya zama harshen makaranta, kuma baƙi suka rinjayi ƴan ƙasa a yawa. Kafin ta zama jiha a 1959 harshen ya riga ya galabaita. Farfaɗowarsa ma bayan nan ta zo, lokacin da aka sanya shi cikin harsunan hukuma a 1978, iyaye kuma suka buɗe makarantun renon yara da shi. Ke nan abin da ya kassara shi aji ne da ƙasar noma da yawan jama'a.

A Porto Riko an gwada wannan makami, bai ci ba. Kusan shekara 50 hukumomin Amurka suna canja tsari bayan tsari don Ingilishi ya zauna a makaranta. Malaman da aka umarta su koyar da lissafi da harshen da su kansu ba su ƙware a kai ba, da yawansu suka ci gaba da yi wa yara bayani da Sifaniyanci. Yaro kuma in ya koma gida, da shi uwa za ta kira shi cin abinci. A 1949 aka haƙura, Sifaniyanci ya zama harshen koyarwa. Wannan nasara an same ta ne ba tare da ƴanci ba, ba tare da jiha ba, a shekarun da tutar kanta take haramun. Sabanin haka, Irlanda ta sami ƙasarta a 1922, ta wajabta harshenta a makarantu, duk da haka Ingilishi ne harshen kasuwa da gida ga mafi yawan mutanenta. Mai karatu a Maradi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan darasi. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 Djibo Bakary ya yi kira da a ce a'a, “i” ta yi rinjaye, ƴanci ya zo a 1960, amma Faransanci ya ci gaba da zama harshen ofis da jarrabawa shekaru fiye da 60, Hausa kuwa tana bunƙasa a kasuwa da rediyo ba tare da ta jira izinin kowa ba, tun kafin a ayyana ta harshen ƙasa a 2025.

Akwai wani abin lura da masu kishin tsibirin ba su cika son a taɓo ba. Sifaniyancin da ake karewa shi ma harshen mai mulkin mallaka ne. Shi ya binne harshen Tayino, mutanen farko da suka kira tsibirin Boriken, ya kuma haɗiye harsunan bayin da aka kawo daga Afirka, waɗanda gangarsu ta tsira a kiɗan bomba na garin Loyiza. Wannan bai rage darajarsa ba. Yana nuna dai cewa abin da jikoki suke kira gado sau da yawa tabon kakanni ne da ya warke ya zama kamanni.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne tsibirin yana zubewa. Ƴan asalinsa da ke zaune a babban yankin Amurka sun haura miliyan biyar, sun fi na gida yawa nesa ba kusa ba. Guguwar Mariya ta 2017, wadda hukuma ta amince ta yi sanadin mutuwar mutum 2,975, ta ƙara kora. An rufe ɗaruruwan makarantu, yayin da dokokin sassaucin haraji da aka soma a 2012 suke jawo attajirai daga waje suna sayen gidaje a bakin teku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai wanda rashin aiki da tsadar lantarki suka fitar ba a ce masa ya yi butulci. Jiha tana iya kawo kuɗin da zai tsai da matasa, tana kuma iya buɗe ƙofa ga masu sayen ƙasa. Ƴanci yana ba da ikon tsare ƙasar, amma idan tsoron talauci ya sa rabin jama'a suka hau jirgi da fasfon Amurka a hannu, tutar za ta kaɗa ne a kan kufai.

Saura abu guda da ya sa zaɓin biyu ba su yi nauyi ɗaya a sikeli ba. Ƙasa mai ƴanci tana iya ƙulla yarjejeniya ta kuma kwance ta, kamar ƙawancen da tsibiran Marshal da Mikronesiya da Palawu suka ƙulla da Amurka. Jiha kuwa ba ta fita. An yi yaƙin basasa a kan haka, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 1869. Wanda ya zaɓi jiha ya zaɓar wa jikan jikansa, wanda ba a tambaye shi ba. Rinjayen kashi 52 cikin 100 da aka samu a 2020, ko na sama da 58 a 2024, ya isa a naɗa gwamna na shekara huɗu, amma ya yi ƙaranci ga ƙofar da ba a komowa. Adalci shi ne a nemi rinjaye mai kauri, a rubuta matsayin harshen makaranta da na kotu baƙi a kan fari tun kafin a shiga, sannan majalisar Amurka ta ɗaure kanta da alkawarin bin abin da aka zaɓa. A Disamba 2022 majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri da zai sa sakamakon zaɓen ya zama dole. Majalisar dattawa ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba har wa'adinta ya ƙare.