Hukuncin Tsare Kifi A Akwatin Gilashi Don Sha'awa

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda ya halicci abin da ke tudu da abin da ke cikin ruwa, ya kuma lamunce wa kowannensu arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanan baya na ziyarci wani tsohon ɗalibina a nan Haɗejiya, sai na tarar da akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakin baƙinsa. A ciki akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, mai dogon baki cike da haƙora kamar na kada. Ya ce daga Ikko ya sayo shi, Turawa suna kiransa gar. Sa'an nan ya ce, "Malam, mahaifiyata ta ce wannan zalunci ne, kifi gidansa kogi. Ko ina da laifi a wurin Allah?" Na ga ya kamata in kawo amsar a wannan fili, domin mu mutanen bakin kogi mun san kifi a kasuwa da tukunya, amma ajiye shi don kallo baƙon abu ne a gare mu.

Asalin hukunci dai shi ne halacci. A Suratul Ma'ida, aya ta 96, Allah ya halatta mana farautar ruwa, kuma wanda aka yarje wa ya kama ya ci, ba a hana shi ya kama ya ajiye ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa yana da ƙane, Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san da tsuntsun bai hana ba, har da ya mutu ya riƙa tambayar yaron labarinsa don ya lallashe shi. Daga nan malamai irin su Ibnu Hajar a Fathul Bari suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu, muddin ba a cutar da shi.

Amma fa waɗannan malamai biyu su ne kuma suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Mai karatu ya lura, abin da ya halaka matar nan shi ne ta raba dabba da hanyar arzikinta, sa'an nan ta ƙi tsaya mata. Shaihu Halil ma a Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita a kansa.

To, a nan ne al'amarin kifi ya fi na kyanwa nauyi. Kyanwa tana kuka in ta ji yunwa, akuya tana tsinke igiya. Kifi ba shi da murya. A kogi, ruwa mai gudu shi ke kawo masa abinci da iska, shi ke kwashe ƙazantarsa. Ranar da ka ɗauke shi ka sa a gilashi, duk wannan aiki na kogi ya koma wuyanka. Kashinsa yana zama guba a ruwan da ba ya gudu, don haka sai da matata, sai kuma an riƙa canja kamar rubu'in ruwan kowane mako. Ruwan famfo mai magani ba a zuba masa kai tsaye. Lokacin hunturu sai an kula kada ruwan ya yi sanyi ƙwarai. Injin da ke tace ruwan kuwa wuta ya ke bukata dare da rana, kowa kuma ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu.

Shi wannan kifi mai bakin kada yana da nasa sharuɗɗa. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne da ƙasashen da ke kudu da ita. Yana hawowa saman ruwa ya shaƙi iska, saboda haka ba a cika masa akwati har baki, kuma sai an rufe domin yana tsalle. Jikinsa a sanƙare ya ke saboda taurin ɓawonsa, in wurin ya yi masa ƙunci ba ya iya juyawa, in ya firgita ya kan daki gilashi ya ji rauni. Babban nau'insa, na kogin Misisifi, ya kan wuce mita 2, nauyinsa ya haura kilo 100, ya kuma rayu shekara 50 ko fiye. Wanda ya sayi irin wannan yana ɗan taƙi ɗaya, ya ɗauki alkawarin da watakila sai magadansa su gaje shi.

Wani zai ce, in ya gagare ni sai in kai shi kogi in sake, na ma sami lada. Wannan ita ce magana mafi haɗari. A shekarar 2022, a birnin Ruzhou na ƙasar Sin, sai da hukuma ta zuƙe ruwan wani tafki kaf don ta kama irin wannan kifi. Ƙasar Japan kuwa tun 2018 ta hana shigo da shi da sakinsa. Dalili shi ne, mafarauci ne mai cin 'yan'uwansa kifaye, ƙwansa kuma guba ne ga ɗan Adam. Mu tuna da giwan ruwa, wadda a wurinmu alheri ce, amma da aka zuba ta a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ta taimaka wajen ƙarar da ire-iren ƙananan kifaye masu yawa.

Kogin Haɗejiya kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin malalar ruwa ya sauya, kachalla ta toshe hanyoyi da dama. Masunta na Auyo da Kirikasamma da Guri har Nguru, da masu banda da masu sayarwa, duk da tarwaɗa da karfasa da bargi su ke ciyar da iyali. Abin da ka jefa a ruwa a nan, ambaliya irin ta 2022 tana iya raba shi ga kowace fadama. Ƙa'idar shari'a ita ce ba a gusar da cuta da wata cuta. Ba a fita haƙƙin kifi ɗaya da shiga haƙƙin dubban bayin Allah.

Saboda haka na ce wa ɗalibina, ba ka yi haram ba, amma ita ma Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba. Ka bincika nau'in da ka saya. In kana da ikon gina masa kwarmi mai faɗi kamar na masu kiwon tarwaɗa, ka riƙe amanarka. Ka saba masa da cin mataccen kifi, kada ka riƙa jefa masa masu rai don 'ya'yanka su yi kallo su yi dariya, domin wannan yana busar da zuciya. In ka kasa, ka ba wanda zai iya. Kogi dai kada ka kai shi. Wanda kuma bai saya ba tukuna, in sha'awar ta matsa, ga gartsa a ruwanmu, mai taurin ɓawo da shaƙar iska kamarsa, ga ta ƙarama, ta kuma saba da yanayinmu. Ita ma da haƙƙinta.

Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummai ne kamarmu. Wanda ya zauna gaban gilashi ya ga hikimar Mahalicci ya yi tasbihi, kallonsa ya zama ibada. Wanda ya ajiye don baƙi su yaba, ruwa ya yi wari bai damu ba, ya tuna za a tambaye shi. Allah shi ne mafi sani. Allah ya sa mu ji ƙan na ƙasa da mu, ya ji ƙanmu, amin.