Inda Mai Ya Ɗiga da Inda Ya Fito

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Ƙonni ko kasuwar Badagishiri ya san tsohuwar Peugeot 504, musamman bashe mai ɗaukar albasar Galmi da buhunan simintin Malbaza. Faransa ta fara ƙera ta a 1968, daga baya masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda anka buɗe a 1975, ta yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru. Yau da yawa cikinsu sun girmi direbobinsu. Kusan kowace, in ta kwana wuri, da safe sai ka iske baƙin tabo a ƙasa: inji na yoyon mai. Tambayar da muka ɗauko daga ƙarƙashin wagga mota ita ce: in ɓarna ta bayyana a jikin wani, shi ke nan shi ne mai laifi?

Mu fara da ƙarfe, tunda shi bai iya kare kansa da baki ba. Sabon yaron gareji, in an ce mota na yoyo, sai ya kwanta ƙasa, ya ga mai na ɗiga daga kwanon ƙasa, wanda makanikai ke ce wa karter, ya ce juwan ɗinsa ya mutu. A kwance, a sa sabo, mai mota ya biya. Kwana uku tabo ya dawo.

Tsohon makanike ba ya wannan gaggawa, don ya san halin mai. Mai ƙasa yake gangarawa, kuma iskar fanka da ta gudu tana tura shi baya. Saboda haka ko daga ina ya fito, ƙarshenta a gindin inji zai taru. Mai yiwuwa daga murfin saman inji ne, ko robar filtir, ko ɗan abin nan da ke kunna jar fitilar mai. Injin 504 ma a karkace yake zaune, sai mai ya bi gefe guda ya ɓullo nesa da mafarinsa. Ga ƙurar hanya ta haɗu da shi ta zama baƙin laka, ta rufe sawu.

To mi yake yi? Sai ya wanke inji tas da gazuwal da omo, ya bari ya bushe. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Wani har hoda yake barbaɗawa wuraren da yake zargi, don sabon mai ya zana hanyarsa. Ya tada mota ta yi zafi, ya ɗauki tocila, ya bi danshi daga ƙasa zuwa sama har inda ya ƙare. Wurin da ya fi tsawo cikin masu danshi, nan ne bakin ciwo. Karter dai tara abin da anka zubo masa yake yi.

A tsakaninmu ma akwai masu zaman karter, waɗanda ke ƙasa, komi ya zubo a kansu yake taruwa. Yaro ya faɗi BEPC, a gida a ce rago ne, a unguwa a ce ba shi da kai. Wa ya bi sawu? Mai yiwuwa a ajin zana ya fara, wanda ba a ɗaure shi sai an gama girbi, kuma ruwan farko ya tashe shi. Da faransanci anka fara koya masa karatu alhali ko gaisuwa bai iya da shi ba. Ya kai CM2 bai iya haɗa baƙi ba, anka tura shi gaba haka nan. Lokacin cirar albasa kuma gida na bukatar hannunsa a garka. Ranar sakamako ɗigo ne kawai ya faɗo. Yoyon ya fara tun shekara tara baya.

Haka samarin da ke saida mai a kwalabe bakin titin Ƙonni. An daɗe ana ce musu ƴan fasa-ƙwauri marasa son aikin ƙwarai. Amma da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashin kwalba ya tashi nan take, ribar ta tsuke. Babu wa'azin da ya yi wanga aiki. Ashe bambancin farashi tsakanin ƙasashen biyu ke riƙe da sana'ar, su kuwa samarin gindin inji ne kawai.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa na da nauyi. Zai ce: in haka ne, ai ba mai laifi ke nan. Ɗalibi ya tura wa malam, malam ya tura wa gwamnati, gwamnati ta tura wa Turawan mulkin mallaka, kowa ya wanke hannu ya koma hira a fada yana shan shayi. Gaskiya ne, mu matasa mun iya wannan wasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amsar ma tana gareji. Makanike ba don ya wanke sunan karter yake bin danshi ba, so yake ya san inda zai sa sifana. Kuma wani lokaci binciken a kan karter ɗin yake ƙarewa: sama a bushe, ƙusar zubar da mai ce ta saki. A nan ba wani dogon tarihi, ɗaure ta za a yi. Akwai ɗalibin da ajinsa na siminti ne, malaminsa na zuwa, gida ba a hana shi komi ba, waya ce ta cinye masa dare. In ya bi sawu da gaskiya, ƙofar ɗakinsa zai tsaya.

Akwai kuma yoyo mai hawa biyu. In zobban fistan sun cinye, ko bututun numfashin inji ya toshe, iska ta kan cika cikin inji ta tura mai ta kowace kafa. Ka canja juwan goma, na sha ɗaya ma zai fashe. Duk da haka, bayan an buɗe numfashin, juwan da ya yage sai an canja shi. Sanin abin da ya matsa maka ba ya ɗinke ɓarnar da ka yi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma kowanne da nasa gyaran.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne hanya ta uku, wadda ta fi yawa: kada a zargi kowa, kada a bincika komi, a aje galan a bayan mota ana ƙara mai kowace safiya. Da arha a yau. Amma lita ɗaya kowane mako, a shekara ta haura hamsin. Ran da anka manta, tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, inji ya bushe ya buga, fasinja su kwana daji, kuɗin juwan ɗaya ya koma kuɗin inji sukutum. Sayen amsa a jarrabawa ƙarin mai ne. Tura yaro aji na gaba bai iya karatu ba, shi ma haka.

Don haka, kafin mu yanke wa wani hukunci, ko mu yanke wa kanmu, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. A wanke tukuna, wato a kawar da tsohon ƙulli da jita-jita da sunan da anka daɗe da laƙaba wa mutum, don su ne lakar da ke ɓoye sawu. A yi haƙuri a ga sabon danshi. A bi shi har inda ya tsaya, ko da wurin na manya ne, ko da wurin namu ne. Wanda ya daki karter ya zalunci na ƙasa, motarsa kuma ba ta daina yoyo ba.