Sa'ad da Gwajin Jini Bai Yanke Hukunci Ba

'Yan'uwa, akwai wani ciwo na gado mai suna Duchenne, wanda yake cinye ƙarfin tsokar yara maza. Tun yaro yana ɗan shekara 3 zuwa 5 yakan riƙa faɗuwa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa cinyoyinsa, daga baya tafiya ta gagara. A shekarar 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, tana kuwa cikin rabon da ɗa namiji yake karɓa daga uwarsa.

Sau da yawa gwajin jini yakan nuna ɓarnar a fili, wani yanki na ƙwayar ya ɓace ɗungum. Amma wani lokaci harafi ɗaya tak ake iske ya sauya, ba wanda zai iya cewa shi ne sanadin ciwo, ko kuwa irin bambancin nan ne da kowane ɗan Adam yake ɗauke da shi. A 2015 masana a Amurka suka kasa irin waɗannan canje-canje kashi biyar, na tsakiya shi ne wanda ma'anarsa ba ta tabbata ba, suka kuma gargaɗi likitoci kada su gina shawara a kansa. Mu 'yan Afirka mun fi samun wannan amsa, domin yawancin bayanan da ake kwatanta jininmu da su na Turawa ne.

To, me ya wajaba a kan wanda ya riƙe irin wannan takarda? Likitan da ya ɓoye ta don tausayi ya mai da iyaye yara. Wanda ya faɗe ta kamar hukunci kuwa ya yi ƙari a kan gaskiya, ƙarin nan kuma ɗan'uwan ƙarya ne. A ganina laifi na biyu ya fi nauyi, gama a kan mata yake sauka. Dangin miji su ce uwa ce ta kawo ciwo gidan, a fasa auren ƙanwarta, a tsorata mai juna biyu har ta fara tunanin zubar da ciki. Alhali ko inda ciwon ya tabbata, kusan yaro ɗaya cikin uku bai gāje shi daga uwa ba, a jikinsa canjin ya fara. Doka ta takwas ta hana shaidar zur, mai mai da zato tabbas kuwa bai yi nisa da ita ba.

Mun saba da gwajin sikila kafin aure, inda AS da SS suke a bayyane. Kada sabon nan ya ruɗe mu mu ɗauka kowace takardar asibiti haka take.

Jira ma aiki ne. Akan auna sinadarin CK a jini, a duba ɗan yankin tsoka, a gwada dangi da yardarsu. In kawun yaro, mai shekara 50 da ke noma da ƙarfinsa, yana ɗauke da canjin nan, da wuya a ce shi ne tushen ciwon. Sai dai kawun yana da 'yancin ƙin ba da jininsa, ba a tilasta masa.